Abin da Takarda Ta Riƙe

Ƙarfe biyun dare, bayan Aboabo,
daga ni sai gurnanin taransfoma.
Boakye ya yi barci a kan benci,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa.

Daga waje tukunyar ƙarfe ce kawai,
tsatsa ta fara lasar gindinta.
A ciki jar waya ce, naɗi bisa naɗi,
an lulluɓe ta da takarda,
an nutsa ta cikin mai har ka.
Man yana zagaye, yana kwashe zafi,
yana shafar takarda yana wucewa,
kuma duk shafa ɗaya
sai ya ɗauke wani abu, ya bar wani abu.

Tsoho Inusa ne ya koya mini wannan,
shekarar da na fara aiki.
Ya goga biro a gashin kansa,
ya ɗauki guntun takarda da shi, ya ce:
"Ka gani? Ba daga waya ta zo ba.
Guga ce ke haifar ta.
Ba ta cikin lissafin kowa, ba mai biyan kuɗinta,
tana dai taruwa."

Da la'asar, in Kejetiya ta ɗau zafi,
injinan niƙa na Asawase suna ihu,
masu walda suna ja, masu firji suna ja,
mai ya tsinke kamar romo,
takarda ta yi gumi, ta saki laimarta,
abin da ya taru ya sami hanya,
ya sulale ƙasa ba wanda ya ji.

Ba ranar nake tsoro ba.
Asuba nake tsoro, bayan an ɗauke wuta,
tukunya ta huce, mai ya yi kauri,
sai a dawo da ita, a tada famfo duka lokaci guda.
Takarda a bushe ƙayau.
Inusa ya ce mai kyau ita ce mai haɗari,
don ba ta yoyo,
abin da aka ba ta sai ta riƙe.

Na taɓa ganin cikin wadda ta mutu.
Mun zuƙe man, mun ɗaga murfi,
ga zane baƙi a jikin takarda
kamar saiwar gamji, siriri, mai rassa,
ya bi ta inda ido bai zata ba.
Injiniya ya tambayi ranar da abin ya faru.
Muka ba shi Talata.
Amma Talata ƙarshe ce kawai.

Lantana ma ba ta yoyo.
Shekara tara ina shiga ina fita,
in shafi gidan in wuce,
in bar kwano, in bar alkawari, in ɗauki barci.
Ba ta taɓa ɗaga murya ba.
Har yabonta nake a majalisa.
Ran da ta tafi Tafo wurin yayarta,
a kan cokali ne,
cokali ɗaya da na ce ba a wanke ba.

Yanzu ina duba allurar ma'auni,
in rubuta zafin mai a littafi,
in taɓa wayar da ke kai wa ƙasa
in ji ko ta kwance.
Famfo ɗaya nake fara tayarwa.
In jira. In sha ruwa.
Sannan na biyu.

Boakye ya farka yana tambaya ko lafiya.
Na ce lafiya lau.
Ladan na Aboabo ya gyara murya,
mai koko ta fara hura gawayi a bakin titi.
Wayata na aljihu, lambar tana ciki.
Ban san da wace kalma ake farawa a hankali ba.
Tukunya tana ta gurnani,
allura ba ta motsa ba tukuna.